Gonar Gari da Rumbun Gari

Manoman ƙasar Dakoro, daga Kornaka har Birnin Lalle. Yau zancen cimaka za mu yi.

Tsofaffi ba su manta da yunwar 1973 da ta 1984 ba. Ku ma kun ga ta 2005, bayan fari da fara sun ɓata damanar 2004. Mutane da yawa sun koma cin anza. Taimako ya zo daga waje, mun gode. Amma hatsin taimako yakan makara, kuma ba kullum yake zuwa ba.

Kun san yadda abin yake. Da kaka hatsi yana arha, sai manomi ya sayar don biyan bashi. Da damana rumbu ya ƙare, sai ya saya da tsada. Wani ma sai ya bar gonarsa ya tafi ƙwadago.

To, ina mafita? Tana cikin gayya, wadda muka gada daga kakanni. Ku nemi fili wajen maigari. Ku ware rana ɗaya a mako, ku nome shi tare. Abin da aka samu a zuba a rumbun gari, wato bankin cimaka.

Kowane gida kuma ya ƙara nasa. Ga lissafi: gida 40, kowanne ya kawo tiya 5. An samu tiya 200, wato buhu 5. Idan hatsi ya yi tsada, a buɗe rumbu a sayar wa ƴan gari da rahusa. Da kaka a sake cika shi da kuɗin.

Ku zaɓi masu amana su riƙe makulli, maza da mata. Duk tiyar da ta shiga ko ta fita, a rubuta ta. Nan ne karatunku zai yi rana.

Ku adana irin gida, domin ya san ƙasarmu. Ku haɗa hatsi da wake. Wajen sassabe kada ku sare kowane toho, ku bar gawo ya girma, ganyensa taki ne. Kada ku nome burtali, saboda makiyayi maƙwabci ne, dabbobinsa ke ba gona taki.

Da yamma ku tattauna wannan magana a ajinku. Sai mako mai zuwa, in Allah ya kai mu.