AMSAR WASIƘUNKU: BINDIGAR WASA DA BATUN ƘARA MATA ƘARFI

Wasiƙarmu ta wannan mako ta fito ne daga wani saurayi a Sabon Garin Zariya. Ya ce yayansa da ke karatu a Ingila ya shiga wani wasa da ake kira eyasof, inda ƙarti ke rabuwa gida biyu suna harbin juna da bindigogin roba, har ya yi masa alkawarin aiko masa da guda. Yana tambaya, shin wace iri ce ta fi kyau, kuma in ta iso ta yaya zai ƙara mata ƙarfi?

To, ƙanena, madalla da wannan tambaya. Asalin abin daga Japan ne. A shekarar 1958 ƙasar ta kafa doka mai tsanani kan mallakar bindiga da takobi, sai masu sha'awar bindiga suka koma ga kwaikwayonta. Daga wajen shekarun 1970 aka fara ƙera waɗanda ke cilla 'yar ƙwayar roba da ƙarfin iska. Faɗin ƙwayar milimita 6 ne, wato ta ɗan fi ƙwayar dawa, nauyin wadda aka fi amfani da ita kuwa giram 0.20. Babu albarushi, babu wuta. Mu da muka tashi da bindigar ashana ta wayar keke, tamu ma ta fi ta ƙara.

Iri uku ne. Akwai mai sifirin, wadda sai ka ɗana da hannu kafin kowane harbi. Ita ce mai araha, ba ta kuma cika lalacewa ba. Akwai mai gas, wadda ta fi kama da ta gaske wajen motsi, sai dai in aka yi sanyi ƙarfinta kan ragu. Sannan akwai mai batir, wadda kamfanin Tokyo Marui ya fito da ita a 1991. A cikinta ɗan ƙaramin inji ne ke juya giya, giya ta ja fistin baya, sifirin ya turo shi gaba ya hura ƙwayar waje. In ra'ayina kake nema, mai batir ta fi dacewa da sabon shiga.

Yanzu sai batun ƙara ƙarfi, kuma a nan nake so ka ba ni kunnenka. Yawancin sababbin shiga abin da suke fara yi shi ne su cire sifirin na asali su sa mai tauri. Wannan shi ne gyaran da ya fi kowanne rashin amfani. Sifirin mai tauri kan wahalar da injin, ya shanye batir, ya cinye haƙoran giya da na fistin. Ga shi kuma ba ya sa ƙwaya ta tafi daidai. Abu mara nauyi ne, ko da wane gudu ya fito, iska na tare shi nan da nan.

Sirrin nisa yana wani wuri dabam. A bakin bututun daga ciki akwai wata 'yar roba da ke shafar saman ƙwayar lokacin da za ta wuce, sai ta fita tana juyawa baya-baya. Wannan juyi shi ke tallafe ta a cikin iska. Duk wanda ya taɓa ganin ɗan ƙwallo ya murza bugun kwana ta lanƙwasa ta faɗa raga, ya ga irin wannan aiki. Wani Bajamushe mai suna Magnus ne ya yi bayaninsa tun a 1852. Da nake koyarwa, da ƙwallon tebur nake nuna wa yara, su yi ta mamaki. Saboda haka masu gwaninta kan fara da sauya wannan roba su daidaita ta, su toshe duk inda iska ke zurarewa, su share bututu, su koma ƙwaya mai kyau mai giram 0.25 ko 0.28 wadda iska ba ta saurin kaɗawa. Wasu kan sa bututu mai ɗan matsi, na milimita 6.03 maimakon 6.08. Da wannan sai ka ga tana samun abu a nisan mita 50 ko kusa da haka, ba a taɓa sifirin ba.

Sannan akwai doka. Ƙwaya mai giram 0.20 da ke gudun mita 100 cikin daƙiƙa guda tana ɗauke da ƙarfin da ake kira jul 1. A Japan, tun gyaran dokar 2006, ba a yarda ta kai haka ba. A Ingila, dokar 2017 ta sa iyakar jul 1.3 ga mai ɓarin ƙwaya ba tsayawa, da 2.5 ga mai ɗaya-ɗaya. In ta haura, ta fita daga sahun kayan wasa. Shi ya sa a filayen wasan ake auna kowace bindiga da na'ura kafin a shiga. Ba a kuma barin kowa ya cire gilashin kare ido, domin ko ba a ƙara mata komai ba tana iya tsiyayar da ido ko ta karya haƙori. Abin da ya burge ni da wasan kuwa, ƙwayar ba ta barin fenti a jiki. Wanda aka samu shi da kansa zai ɗaga hannu ya ce an same shi, ya fita.

Saura zancen aikowa. Ƙanena, waɗannan bindigogi an ƙera su ne su yi kama da na gaske sak, har da samfurin AK-47. A Amurka doka ta ce a sayar da su da alama ruwan goro a baki. A watan Nuwamba na 2014, a birnin Kilibilan, ɗan sanda ya harbe wani yaro ɗan shekara 12 mai suna Tamir Rice, yana riƙe da irin wannan bindiga wadda aka cire wa alamar. Yayanka yana da fili mai shinge, da alƙalan wasa, da 'yan sandan da suka san da zaman abin. Kai fa? Ka dubi halin da hanyoyinmu ke ciki, ka ce an buɗe jakarka a shingen bincike da dare an ga wannan. Wa zai tsaya ya duba ko ta roba ce? Ni dai shawarata, ka rubuta wa yaya ya dakata, kada ya sa ta a cikin kaya sai an tuntuɓi hukumar kwastan da 'yan sanda an ji ta bakinsu a rubuce. In ka samu kai masa ziyara, ya kai ka filin ka gwada, ka rubuto mana yadda ta kaya.

Mako mai zuwa za mu duba wasiƙar wata baiwar Allah daga Maraɗi. A huta lafiya.