Kuɗin Zaman Ciniki da Manomin Kebbe



Yau zancenmu ɗaya ne: kuɗin da gwamnati ke warewa don ƙulla yarjejeniyar ciniki da ƙasashen waje.

A shekarar 2017 gwamnatin tarayya ta kafa ofishi na musamman don wannan aiki. A 2019 kuma, a birnin Yamai, Nijeriya ta sa hannu a yarjejeniyar kasuwar bai-ɗaya ta Afirka. Ba a yi wata biyu ba aka rufe iyakokin ƙasa, har da ta Illela.

To, me ya haɗa manomin Kebbe da wannan? Buhun albasarsa da fatar jar akuyarsa. A zaman ƙulla yarjejeniyar ciniki ake tsayar da harajin da za a ɗora musu a bakin iyaka. A zaman nan ake yanke ko shinkafar waje za ta karya farashin tamu.

Wakilin da aka tura ba guzuri, abin da aka taya masa shi zai sallama. Don haka a ba ofishin isassun kuɗi. Amma a ware wani kaso na shiga kasuwannin karkara, a ji ta bakin manoma da fatake kafin a sa hannu.

Wakilanmu a majalisa, ku bi diddigin kuɗin nan. Masu sauraro, ku tambaye su idan sun zo gida. A huta lafiya.