Salula a cikin aji: jawabin malamin cibiya

Ranar buɗa cibiyar yaƙi da jahilci, malami ya tara ɗalibai, maza da mata, gaban mai gari. Ya yi musu jawabi bisa maganar salula.

Bayan gaisuwa, ya ce mutane da yawa sun tambaye shi ko a zo da salula cikin aji. Ya ce amsa biyu ce: ta yara daban, ta manya daban.

Game da ƴan lakkol, ya ce yaro ba ya iya sauraren mushe yana kallon waya. In salula ta yi kuka, aji duka ya juya, darasi ya tsaya. Ya ce a Faransa, tun shekarar 2018 doka ta hana yara amfani da salula a firamare da kwaleji. Nan gida ma, ba a shiga ɗakin jarrabawar brebe ko bak da ita. Saboda haka ya roƙi uwaye su riƙe wayar a gida har yaro ya taso.

Game da manya, ya ce a shekarun 2009 da 2010 an yi gwaji a ƙauyukan jihar Damagaram da ta Doso. A wasu cibiyoyi an koya wa ɗalibai neman baƙaƙe da lambobi bisa salula, da rubuta saƙo. A wasu kuma allo da alli kaɗai. Da aka yi jarrabawa, masu salula sun fi sauran a rubutu da lissafi. Dalili, sun ci gaba da rubutu a gida: saƙo ga ɗa da ya tafi cin rani, tambayar kuɗin tiyar hatsi a kasuwa.

To, ga abin da ya nema. Kowa ya zo da tasa, amma a kashe ta lokacin karatu. In an gama aikin allo, zai ce a kunna. Wanda ba ya da waya ya zauna kusa da mai ita. Ba kira, ba waƙa.

Ya tuna musu cewa watannin cibiya kaɗan ne. Ruwa na sauka, kowa sai gona. Ya ce burinsa, kafin shuka kowa ya rubuta saƙo da hannunsa, ba sai ya faɗa wa wani asirinsa ba.

Mai gari ya yi godiya, aka yi fatiha, aka watse.