Ƙullin Amid da Maganin Ciyawar Shinkafa



Tun da aka kammala madatsar Tiga a 1974, ruwa ya bi magudanai zuwa Bunkure da Kura, noman shinkafa ya kankama a nan yankin Madobi, da rani da damina. Amma inda ruwa ya wadata, ciyawa ma ta samu wurin zama. Daga cikin magungunan da manoma ke fesa mata akwai Propanil, kuma shi ne zai kai mu ga zancenmu na yau.

Abu biyu a ke haɗawa a samu Propanil. Na farko wani asil kulorid ne, na biyu kuwa wani amin ne (ba fa amin ta addu'a ba). A jikin asil kulorid akwai ƙwayar kabon guda wadda oksijin da kulorin suka sa a tsakiya, kowannensu yana janye mata lantarki, har ta zauna cikin yunwa. Shi kuwa amin yana da naitirojin mai rarar lantarki biyu. Da sun gamu sai naitirojin ya kama kabon, kulorin ya fice da haidirojin guda, a sami sabon ƙulli da a ke kira amid.

To, abin da ya ficen nan asid ne, watau haidirojin kulorid. In an ƙyale shi sai ya danne amin ɗin da ya rage, rabin kaya ya tafi a banza. Saboda haka a kan zuba ruwan soda ya shanye asid ɗin, dabarar da ta ɗauki sunan Jamusawa biyu, Schotten da Baumann, tun shekarun 1880.

Abin da na fi so ku riƙe shi ne yadda ƙullin nan ke kwancewa. Propanil yana hana ganye haɗa abinci daga hasken rana. Me ya sa ciyawa ke mutuwa, shinkafa ta tsira, alhali tare aka fesa su? Dalili shi ne shinkafa tana da wani sinadari a jikinta mai aiki kamar almakashi, wanda ke datse ƙullin amid kafin ya yi ɓarna. Yawancin ciyawar ba ta da isasshensa.

Sai dai wasu magungunan ƙwari, irin su Malathion da Carbaryl, suna dakushe almakashin nan. Manomin da ya gauraya su da Propanil a tanki ɗaya don ragin wahala, ko ya fesa su kusa da juna, zai wayi gari ya tarar ganyen shinkafarsa ya ƙone, ya ce an sayar masa da jabu. A ganina laifin ya fi rataya a wuyanmu, mu da muka yi karatu, domin gargaɗin yana nan a jikin kwalba, da Turanci. Malaman gona, ku gaya musu da Hausa su bar tazarar aƙalla mako biyu tsakanin feshin biyu.