Kafin Mai Gyara Ya Ce Sai An Yi Mata Fomat

Jawabin da kwamitin horarwa ya gabatar a taron mambobin reshe, Birnin Yauri

 

An ɗora mana nauyin yin magana a kan kwamfutocin da ke gidajenmu, waɗanda akasarinmu da guminmu muka saya, wani da adashi, wani da rancen albashi. Galibinsu gwanjo ne: HP EliteBook ko Dell Latitude ko Lenovo ThinkPad da ta gama bauta a wani ofis na Turai ko Amurka, ta sauka Ikeja, ta biyo hanyar Kano ko Sakkwato har ta iso hannun malami. Darajarta a kasuwa ba ta taka kara ta karya ba, amma abin da ke cikinta babu mai sayar mana da irinsa: makin ɗalibai na zango uku, tambayoyin jarrabawa na shekaru, tsarin darasi, da kundin binciken wanda ke ƙaro karatu. Ranar da ta ƙi tashi kuwa, kalma ɗaya ake tarbarmu da ita a shagon gyara, wato fomat, a share komai a ɗora sabuwar Windows. Abin da muke so mu tabbatar muku yau shi ne, yawancin cututtukan da ake yi wa wannan magani suna da suna, suna da sanadi, kuma malamin da ya iya karanta abin da allo ya rubuta masa zai iya ceton aikinsa kafin kowa ya taɓa shi.

Maganar ta zama ta gaggawa ne saboda a ranar 14 ga Oktoba 2025 kamfanin Microsoft ya daina tallafa wa Windows 10, kamar yadda ya yi wa Windows 7 a Janairun 2020. Kwamfutar ba za ta mutu ba, sai dai kafofin da ɓarayin intanet ke ganowa a jikin manhajar an daina toshe su, in ban da ga wanda ya yi rajistar ƙarin wa'adi, shi ma iyakarsa 13 ga Oktoba 2026. A gefe guda kuma aikinmu sai ƙara jingina yake da na'urar. JAMB ta koma jarrabawar kwamfuta kacokan tun 2015, WAEC ta fara gwada tata da masu zaman kansu a 2024, jarrabawar cancanta ta TRCN ma a kan allo ake zaunawa.

To a koma Windows 11 mana? A nan gizo ke saƙa. Tana neman ƙwaƙwalwar aiki ta gigabait 4 da ma'ajiya ta gigabait 64, waɗanda ba su gagari yawancinmu ba, amma tana kuma neman wani ɗan guntun tsaro mai suna TPM 2.0, da injin sarrafawa na Intel daga zubi na takwas zuwa sama, wato na ƙarshen 2017 zuwa yau. Gane zubin ba shi da wuya. Ku duba lambar da ke bin i3 ko i5 ko i7: i5-6300U zubi na shida ne, i5-8250U na takwas ne. Dell Latitude E6430 da ThinkPad T430 da suka cika jakunkunanmu zubi na uku ne. Akwai dabarar tsallake waɗannan sharuɗɗa, manhajar Rufus da ake shirya filashin girkawa da ita tana da gurbin yin haka, kuma masu gyara sun san ta sarai. Sai dai Microsoft ya faɗa ƙarara cewa bai lamunce wa irin wannan kwamfuta samun sabuntawa ba. Wanda zai bi ta nan ya bi da saninsa, kada a yi masa a ɓoye.

Kowace hanya mutum ya zaɓa, ba a fafe gora ranar tafiya. Abu na farko, a kwashe takardu zuwa filashi ko wata ma'ajiya ta waje, a kuma buɗe kaɗan daga cikinsu a wata kwamfutar a ga sun kwafu da gaske. Idan kuwa ta riga ta ƙi tashi, ga abin da muke so kowa ya tafi da shi gida ko da ya manta sauran jawabin: mutuwar Windows ba mutuwar takardu ba ce. Filashin da aka zuba wa Linux Mint ko Ubuntu yana iya tayar da kwamfutar ba tare da an girka komai ba. Za ka ga allo ya buɗe, ka shiga ma'ajiyarka kamar yadda ake shiga ɗaki ta ƙofar baya, ka kwashe makin yaranka, sannan a yi maganar gyara. Abu biyu ne ke hana wannan. Ɗaya, idan faifan ajiyar ne da kansa ya lalace, musamman mai juyawa da ka ji yana ƙas-ƙas. Irin wannan a kashe shi nan take, domin kowace kunnawa ƙara masa rauni take yi. Na biyu, idan an kulle ma'ajiyar da BitLocker, wanda sababbin kwamfutoci kan kunna da kansu. Mabuɗinsa lambobi 48 ne, yawanci yana cikin asusun Microsoft na mai kwamfutar. Ku nemo shi tun tana da lafiya, ku rubuta a takarda, ku ajiye tare da takardar ɗaukar aiki. Idan ya ɓata, babu gwanin da zai buɗe muku, ko a Kano ko a Legas.

Sai wuta. Muna zaune a gefen tafkin da madatsar Kainji ta tara tun 1968, amma kowa a zauren nan ya san yadda muke da lantarki. Batiran gwanjo kuma da wuya ka sami mai riƙe awa biyu. Kada a fara girkawa sai an tabbatar da sola ko janareta mai isasshen mai, domin ɗaukewar wuta a tsakiyar aiki kan bar kwamfutar ba tsohuwa ba sabuwa. Sabunta BIOS kuwa ya fi haɗari, katsewarsa na iya kashe na'urar ɗungurungum.

Yanzu ga tuntuɓen da aka fi yi wajen girkawa. An sa filashi, an danna F9 a HP ko F12 a Dell da Lenovo, an zaɓe shi, aiki ya fara, sai allo ya ce ba za a iya ɗora Windows a wannan faifai ba, ya ambaci GPT ko MBR. Waɗannan hanyoyi biyu ne na yanka ma'ajiya gida-gida. MBR ita ce tsohuwa, ba ta wuce manyan yankuna huɗu, kuma da tsohon tsarin tashi na BIOS take tafiya. GPT ita ce sabuwa, abokiyar tafiyarta UEFI. Saƙon yana nufin an tayar da filashin ta tsarin da bai dace da faifan ba, ba wai faifan ya lalace ba. Maganinsa a sake kunnawa, a zaɓi sunan filashin da ke ɗauke da UEFI a gabansa idan faifan GPT ne. Mai gaggawa kuwa sai ya share faifan duka don saƙon ya tafi. Saƙon zai tafi, tare da kundin digirinka.

Wani lokaci kuma a zo wurin zaɓar inda za a girka a tarar wayam, babu faifai ko ɗaya. A sababbin kwamfutocin Intel, daga zubi na goma sha ɗaya, sau da yawa direban Intel RST ne babu a filashin. A sauko da shi daga shafin kamfanin da ya ƙera kwamfutar, a nuna wa mai girkawa, faifan zai bayyana. Idan kuma kwamfuta ta dinga mayar da kwanan wata baya, shafukan intanet suna ƙin buɗewa suna kukan rashin tsaro, a tuhumi ɗan batirin agogo da ke cikinta, mai kama da kwabo, wanda galibi CR2032 ne. Wadda ke mutuwa da kanta ana tsakiyar aiki a zafin Afrilu, a fara duba fankarta, ƙurar hunturu ce ta toshe ta. Babu ɗaya daga cikin waɗannan da fomat ke warkarwa.

Mun ambaci direba, bari mu tsaya a kansa. Mu mutanen ƙasar Yauri ba baƙin tafinta ba ne. A kasuwa ɗaya ana jin Gunganci da Kambarci da Dukanci da Fulatanci, kuma kowa ya taɓa ganin cinikin da ya tsaya don babu mai fassara. Direba tafinta ne tsakanin babbar manhaja da kowace gaɓa ta kwamfuta: lasifika, allo, firinta, da na'urar kama intanet. Shi ya sa bayan sabuwar girkawa za ka ga sauti ya ɗauke, ko hasken allo ya ƙi raguwa. Mafi ban haushi shi ne rashin direban Wi-Fi, domin ana bukatar intanet a sauko da shi, shi kuma sai da shi ake samun intanet. Mafita tana aljihunka: haɗa wayar Android da kebul, ka kunna raba data ta USB, kwamfutar za ta hau intanet ta nan. Don sanin gaɓar da ke kuka, a buɗe Device Manager a nemi mai alamar rawaya, a duba lambar shaidarta. Wadda ta fara da VEN_8086 ta Intel ce, 10EC ta Realtek, 14E4 ta Broadcom. Da wannan da lambar samfurin kwamfutar sai a nufi shafin HP ko Dell ko Lenovo. Muna gargaɗi da manhajojin da ke alkawarin zuba duk direbobi a danna ɗaya, da kuma waɗanda ake fasa lasisin Windows da su, domin ta nan ƙwayoyin cuta suka fi shigowa. Abin takaicin ma, kwamfutar da ta fito daga masana'anta da Windows 8 ko 10 lasisinta na dashe a jikinta, idan aka girka irin bugun da ta zo da shi za ta karɓa da kanta. Sau da yawa ana sace wa malami abin da ya riga ya mallaka.

Saura batun haɗa Windows da Linux a kwamfuta guda, wanda matasanmu masu koyar da darasin kwamfuta suka fi tambaya. Linux dai wani ɗalibi ne a Finland, Linus Torvalds, ya fara ta a 1991, kyauta ce, kuma Linux Mint 22 tana da tallafi har 2029, tana tafiya a kan gigabait 2 ko 4 ba tare da ta tambayi zubin injinka ba. Zaman su biyun, iyayenmu mata ku yi mana afuwa, zaman kishiyoyi ne: gida ɗaya, kowa da ɗakinta, kuma sai an bi ƙa'ida ake kwana lafiya. Uwargida Windows ita ake fara girkawa. Daga cikinta ake tsuke yankinta a fitar wa amarya fili, gigabait 40 zuwa 50 ya wadatar. Dole su biyun su tashi ta tsari ɗaya, UEFI da UEFI. A kashe Fast Startup, domin yana sa Windows ta yi likimo maimakon ta rufe, ta riƙe faifan, Linux ta iya karantawa amma ta kasa rubutu. A wurin girkawa kuma a karanta zaɓin da kyau: akwai na zama tare da Windows, akwai na share faifai duka, kuma layi ɗaya ne tsakaninsu.

Idan an gama, wata 'yar manhaja mai suna GRUB ce ke tsayawa a zaure tana tambayar ɗakin da za ka shiga. Wataran bayan sabuntawa Windows kan tsallake ta ta tashi kai tsaye, mutum ya ɗauka Linux ta tafi. Tana nan, a shiga saitin BIOS a mayar da ita saman jeri. A Agustan 2024 wata sabuntawar tsaro ta Windows ta hana Linux tashi a kwamfutoci da dama a duniya, har sai da masu su suka kashe Secure Boot na ɗan lokaci. Za ku kuma lura agogo na saɓawa da awa ɗaya cif duk lokacin da aka sauya ɗaki. Dalili, Linux tana ajiye agogon na'ura a kan lokacin duniya, Windows tana ɗaukarsa lokacin gida ne, Najeriya kuwa tana gaba da awa guda. Umarni ɗaya ke daidaita su a Linux: timedatectl set-local-rtc 1.

Ra'ayin kwamiti a nan ba a ɓoye yake ba. Haɗa biyun ya dace da malamin kwamfuta da ke son ɗalibansa su ga cewa duniya ba Windows kaɗai ba ce, da wanda ke da ma'ajiya ta gigabait 256 zuwa sama. Ga mai gigabait 128, matsi ne kawai zai saya wa kansa. Wanda aikinsa bai wuce rubutu da lissafin maki da shiga intanet ba, kuma kwamfutarsa ta gaza sharuɗɗan Windows 11, Linux Mint ita kaɗai ta ishe shi, LibreOffice na buɗe takardun Word da Excel, ko da yake jadawali mai ado da yawa kan ɗan goce. Amma wanda ya dogara da CorelDraw, ko manhajojin gwajin JAMB da aka yi domin Windows, ko wata tsohuwar firinta, ya gwada daga filashi tukuna, ya ga Wi-Fi da sauti da firintar sun amsa. Malaman Hausa kuma su kwantar da hankali, dukkansu biyun suna da tsarin madannai na Hausa mai ɓ da ɗ da ƙ, sai dai a ƙara shi a saitin harshe.

Bayan sallar Azahar za mu zauna a ajin da ke kusa da ofishin shugaban makaranta. Wanda ya zo da kwamfutarsa ya kawo ta da cajarta da filashi mai gigabait 8 wanda babu komai a ciki, domin shirya shi na share abin da ke kansa. Za mu fara da duba zubin injin kowa da rubuta mabuɗin BitLocker, kuma ba za mu girka wa kowa komai ba sai mun ga kwafin takardunsa da idonmu.