Amsar Takardunku: Shinkafar da Ruwa Ya Shanye

Wani mai sauraronmu daga Haɗeja ya aiko da takarda yana cewa ambaliya ta rufe gonarsa da ta maƙwabcinsa rana ɗaya, tasa shinkafar ta mutu, ta maƙwabci ta farfaɗo. Wai me ya jawo?

To malam, kada ka zargi kowa, bambancin iri ne. Saiwa ma tana numfashi. Karan shinkafa yana da 'yan hanyoyin da ke kai mata iska, shi ya sa take rayuwa a inda gero da wake za su ruɓe. Amma in ruwa ya rufe ta ruf, yawancin iri sai su yi ta miƙewa don su leƙo sama, ƙarfinsu ya ƙare, cikin kamar mako guda sun mutu.

Wani irin kuwa lamo yake yi. Ya daina girma, ya adana ƙarfinsa har kusan mako 2, in ruwa ya janye ya tashi. A 2006 masana suka gano ƙwayar halittar da ke sa haka a wata tsohuwar shinkafar Indiya, ana kiranta SUB1. FARO 66 da FARO 67, waɗanda aka fitar a Nijeriya a 2017, suna ɗauke da ita.

Sai dai ka dubi halin gonarka tukuna. In ruwan kan hau ya zauna wata da watanni, waɗannan ma ba za su kai ba. Nan sai shinkafar gargajiya mai bin ruwa, wadda kullum ruwa ya ƙaru ita ma ta ƙara tsawo.