Ƙasa Ita Ce Jarinmu: Jawabin Bikin Cikar Shekarar Ƙungiya

Uwar ƙungiya, malamanmu na ajin yaƙi da jahilci, iyaye da 'yan uwa mata, barkanmu da ganin wannan rana.

Mu 'yan kasuwa ne, amma duk abin da muke kasawa ranar Juma'a a kasuwar Wudil daga ƙasa yake fitowa: tumatir da albasar fadama, kifin kogi, tukwanen yumɓu, nonon ruga. In ƙasa ta suɓuce wa masu ita, faifanmu ne zai fara zama wayam.

A aji aka karanta mana dokar ƙasa ta 1978. Ashe ta danƙa ƙasar jiha a hannun gwamna amana. Idan gwamnati ta karɓi gona don aikin jama'a, diyyar shuka da bishiya da gini ake biya, ban da kuɗin ƙasar kanta, ko da tun kaka da kakanni ake nomanta.

Kuma an gani. A Bakolori, kusa da Talata Mafara, manoman da aikin dam ya cinye gonakinsu sun tashi neman haƙƙinsu a 1980, 'yan sanda suka buɗe wuta, aka rasa rayuka. Nan gida, dam ɗin Tiga na 1974 da na Challawa na 1992 sun kawo noman rani, amma ambaliyar da masu shinkafa da masuntan Hadeja da Nguru suka dogara da ita ta ragu. Dajin Falgore kuwa an killace shi don namun daji, makiyayi da mai itace suka zama masu laifi in sun shiga.

Ba ma gaba da dam ko masana'anta, kuma mun san daji shi ke tare hamada. Roƙonmu a zauna da masu wuri tun kafin a kafa turke, har da mata, don mu ma muna da gādo a gona.

To, 'yan uwa, abu uku. Mai gonar gādo ta je ƙaramar hukuma ta nemi takardar shaidar mallaka. Kada wadda ta dangwala yatsa a takardar da ba a karanta mata ba. Kuma muna ba da shawara a ware wani abu daga adashinmu don kuɗin takardun nan.

Allah ya bar zumunci, ya kai mu baɗi lafiya.